Hannun da Aka Ɗaure

Agadas, 3 ga Afirilu

Zuwa ga ɗiyata Kadidia,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki, da zafin Yamai. Mu nan sai godiya. Rijiyoyi sun ja baya, soja na bisa mulki, daidai da shekarar da na kama aiki. Ba abin da ya sake sai gemuna.

Ordinatar da kika aiko, wato kwamfutar, ina jin daɗinta. Lojisiyel ɗin jadawali kaɗai nake buɗewa: layi-layi, gida-gida, ba ya gardama, ba ya alkawari. Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna rijiyoyin Ayar da igiya, ma'aikatar da na bauta wa ta bar littattafan awon ga gara. Sha huɗu na ceto, na shigar da tara. Cikin sauran akwai na farin tamanin da huɗu, wanda Inoussa mai garka a Timiya ke jira, don ya san inda ruwa ya tsaya waccan shekara kafin ya haƙa.

Sai dai surin nan, ɗan ɓeran ordinatar da ake dannawa, ya lalace. In na danna sau ɗaya, sai ya danna uku. Jiya ya share mini rijiya goma sha biyu. Ki shigo daga can ki gyara, kamar yadda kika saba, ko da yake har gobe in na ga kibiyar da ke kan allon na yawo ba hannun kowa sai na yi a'uziyya.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Chaibou

Yamai, 11 ga Afirilu

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ran Asabar da na shiga ordinatarka, na ce ka buɗe littafi na tara ina kallo. Baba, kibiya rawa take a hannunka. Da na karɓe ta, ta tsaya cak. Suri lafiyarsa lau. Tun yaushe hannun ke karkarwa? Shi ya sa ka bar rubuto mini da alƙalamin bik?

Na kira Gwaggo Salamatou. Ta ce hannun dama kaɗai ke yi. Ta kuma ce kana yaro Bahago ake kiranka. Ban taɓa ji ba!

Na juya maka maɓallan. Ka mai da suri hagu. Ƙaramin maɓallin gefe yanzu yana dawo da abin da ka share. Kuma don Allah ka je likita.

Ɗiyarka, Kadidia

Agadas, 24 ga Afirilu

Kadidia,

Bayan gaisuwa. Na kira ki gyara, ashe leƙe kika zo. Ita kuwa Salamatou, tun tana goye bakinta ba ya riƙe magana.

Gaskiya ta faɗa. A gida kakarki ta bi hannun hagun da ludayi, a lekol mushe, malaminmu, ya ɗaure shi da ƙafar benci wata uku, har na koyi rubutu da dama. Duk takardun shaidar da ba su amfane ni ba, da dama na samo su.

Kwana uku ban taɓa surin ba. Mutum mai furfura, ya miƙa hagu? Ran na huɗu na tura ƙofa, na gwada. Kadidia, kibiya ta tafi sak, kamar guga a rijiyar da ta sani. Shekara sittin hannun nan na zaune yana jirana, bai yi fushi ba. Ni da aka yi wa ritaya da takarda guda, har yau ban huce ba.

Maɓallin gefe kuwa, da ƙasar nan ta samu irinsa!

Mahaifinki

Agadas, 9 ga Mayu

Ɗiyata,

Sha huɗu sun cika. Inoussa ya karɓi shafinsa, ya aiko da dabino. Likita ranar Litinin, Salamatou za ta raka ni, ba don ina so ba.

Wannan da bik na rubuta. Ki yi haƙuri da karkatar baƙaƙen, marubucin ɗan aji ɗaya ne.

Mahaifinki,
Bahago