Ga Malamin da Suka Kira Mai Reno

Zuwa ga maigidana, Baban Saratu,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da Mama da dukan mutanen gida a Kaltungo. Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Baba? Mu nan Dubai muna nan, ni da yara shida, ba wanda ke kwance.

Na san ranka zai ɓaci ka ga na rubuto maka a inda kowa ke karantawa. To ya ɓaci. Na kira ka a waya, ka ce za mu yi magana. Na aiko da saƙo mai tsawo, ka maido mini da hoton hannuwa biyu na addu'a. Kuma maganar da ta riƙe ka a can ba a ɗaki aka yi ta ba, a tsakar gida aka yi ta, gaban masu zaman makoki, don haka ni ma ba zan ja ka ɗaki in ba da amsa ba.

Ƙanwarka ta ba ni labari duka, kada ka yi mata faɗa. Ta ce ranar da ka iso jana'iza, ko jakarka ba ka ajiye ba Yaya Iliya ya ɗaga murya ya ce, "Ku ba shi kujera, mai reno ya iso daga Dubai." Aka yi dariya. Wani ya tambaya ko ka iya goyo, wani ya ce mace ke fita nema kai kana gida kana wanke kwanuka. Ta ce kai ma ka yi dariyar, amma daren nan ba ka ci tuwo ba.

Sati biyu ka ce za ka yi. Sai ya zama za ka gyara rufin ɗakin Mama. Aka gama rufi, sai ga ciyawa a gonar Baba. Aka gama noma, ka ce bari a yi girbi. Yanzu an kai dawa rumbu, kuma ina jin wai kana yawo da takardunka kana neman koyarwa a wata makarantar kuɗi. Wannan ita ce ta fi ƙona mini rai. Wato in ka tsaya gaban 'ya'yan wasu da alli a hannu, kai malami ne, Yaya Iliya zai gaishe ka da mutunci. In ka tsaya gaban naka shida da allin nan dai, ka zama mai reno. Ka bayyana mini wannan lissafin, tun da kai ne malamin lissafi.

Ka fi ni sanin abin da ke gabanmu. Takardar zamanka a ƙarƙashin tawa take, kuma wanda ya wuce wata shida a wajen ƙasar nan, tasa ta mutu. A watan Yuli ka tafi. Da shigowar sabuwar shekara magana ta ƙare, kuma ba sai na gaya maka wuyar da mai fasfo irin namu ke sha kafin a ba shi sabuwa ba. In ba ka hau jirgi cikin 'yan makonnin nan ba, ba ka san ranar da za ka sake ganin yaran nan ba, ni ma ban sani ba.

Tun da Yaya Iliya zai karanta, bari in tuna maka yadda aka yi, shi ma ya ji. Lokacin da na sami aikin jinya a nan, kai ne ka ce ba za mu raba gida biyu ba. Da muka zo muka ga yadda makarantun garin nan suke, da yawan yaran da Allah ya ba mu, kai ne ka buga tebur ka ce shekara goma sha biyu kana koyar da 'ya'yan mutane, naka ba za su gagare ka ba. Ni ban roƙe ka ba. Har tsoro na ji, na ce za ka gaji. Ka ce in je in kula da marasa lafiyata in bar maka ajinka.

Kuma ajin ya yi aji. Teburin da muke cin abinci a kai, da an kwashe kofunan shayi ya zama makaranta. Saratu da Bulus a wancan gefe da manyan littattafai, 'yan biyu a tsakiya suna tsokanar juna da ƙafa a ƙarƙashi, Hannatu kusa da kai don ba ta zama sai an riƙe ta da ido, auta Dauda a ƙasa yana cin fensir. Allon da ka sayo a kasuwar 'yan Chana ka rataye shi bayan ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya tura darasi gefe.

Ka shuka wake a kofunan yogot a baranda, kowa da nasa da sunansa. Ka sa sun tara ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki suna aunawa, har 'yan biyu suka yi dambe kan wanda ya zubar. Ka ɗauke su a bas zuwa bakin ruwa a Dera, su ga jiragen katako ana loda musu kaya, su dawo su nuna a taswira inda kowane jirgi za shi. Na sha dawowa daga aiki in tarar da ku bakwai a tashar bas kuna jirana, kowane yaro da abin da yake so ya riga ɗan'uwansa gaya mini.

Bulus fa? A gida an ce mana ba ya ja, an ce a bar shi ya koyi sana'a tun yana ɗan shekara bakwai. Kai ka zauna da shi kowace safiya, harafi bayan harafi, ba duka ba tsawa. Ranar da ya karanta Zabura ta ashirin da uku da Hausa daga farko har ƙarshe ba tare da ya tsaya ba, ka tashi ka shiga banɗaki ka buɗe famfo don kada mu ji ka. Na ji ka. A kira wannan reno in ana so, amma a nuna mini wanda ya yi irinsa a cikin masu dariyar.

Mutanen benen nan ba wanda ya san sunanka na yanka. Mai gadi Ustaz yake ce maka. Hajiya Memuna, maƙwabciyarmu 'yar zangon Kumasi, Malam take ce maka, kuma tun da ka tafi, kafin ta wuce wurin aikinta sai ta leƙo ta ga ko yaran sun karya. Shekaranjiya ta tare ni a matakala ta ce, "Maman Saratu, wai Malam fushi ya yi da mu ne?" Na ce mata aiki ne ya riƙe ka.

Yanzu ga mu cikin makonnin jiran Kirsimeti, lokacin da ka fi ƙauna a shekara. Mun fito da gwangwanayen tumatir ɗin nan huɗu da ka cika da yashin hamada, mun kafa kyandir a cikinsu. A bakin taga muke kunnawa kamar yadda ka koya mana, tun shekarar farko da hayaƙi ya tayar da ƙararrawar gobara, dukan bene ya fito waje, kai kana tsaye da Littafi Mai Tsarki a hamata kana ba Indiyawa da Filifinawa haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Lahadin farko Dauda da Hannatu suka kunna, na biyu 'yan biyu, na uku Saratu da Bulus. Na huɗu naka ne, haka ka tsara tun farko. An yi gardama a kansa, Bulus ya ce shi zai kunna tun da shi ne namiji babba, Hannatu ta fashe da kuka ta ce ba nasa ba ne. Na ce a bar maganar, har yanzu ba a sake ɗaga ta ba.

Yusufu da Maryamu da jakinsu, waɗanda kuka yanka da kwali, sun baro bakin ƙofa suna bin bango. Kowace safiya bayan addu'a ana matsar da su taki ɗaya zuwa komin dabbobi da ke ƙarƙashin teburin talabijin. Sun wuce kicin, yanzu suna wajen firji. Jakin ya rasa kunne ɗaya, Dauda ne, kuma ya ƙi amsa laifi. Karatun annabi Ishaya da kake yi musu da muryar nan taka mai tsoratar da auta, yanzu Saratu ke yi, don ni kafin gari ya waye na kama hanyar asibiti.

Ka taɓa tsayawa a tsakiyar karatu ka ce musu Yusufu ma mutanen garinsu sun yi ta magana a kansa, amma ya ɗauki iyalinsa ya tafi da su inda aka aike shi. Ka ce babu ko kalma ɗaya tasa da aka rubuta, aikinsa kawai aka rubuta. Yaran sun riƙe wannan, ban san ko kai ka riƙe ba.

Ba na cewa zafin da ka ji ƙarya ne. Na san yadda kake ganin Yaya Iliya, shi ya riƙe ka a makaranta, kalmarsa ɗaya ta fi ta mutum goma nauyi a wurinka. Na san kuma zaman ɗaki biyu da yara shida, rana ta fito ta faɗi ba ka yi hira da babban mutum ba, ba ƙaramin abu ba ne. Da ka ce mini ka gaji, da mun zauna mun nemi dabara. Amma ba ka ce ka gaji ba. Wasu ne suka yi dariya, sai ka bar mu muna biya.

Kuma ina kewarka, in ma kana shakka. Ina kewar kitson da kake wa Hannatu, wanda ke karkacewa gefe ɗaya, ita kuwa ta hana kowa ya warware. Ina kewar yadda kake ɓata waƙar Kirsimeti ka dage cewa mu ne muka sauka daga murya. Jiya na kai yadin ankonmu wurin tela a unguwar Satwa, ya ƙirga awo ya ce ɗaya bai zo an gwada shi ba. Na ce ya ɗinka da tsohon awonka, ya ɗan rage, don na san ba ka cin abinci sosai in ranka ba daɗi.

Ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan, bayan na yi wata biyar ina rufa maka asiri.

Kujerarka ba ta zauna banza ba. Saratu ke kanta. Yarinyar da ka ce za ta gina gada wata rana, wadda ka yi shekara biyu kana shirya ta don jarrabawar da za ta rubuta bana, ita ke tashi ta dafa shayi, ta yi wa Dauda wanka, ta rubuta darasi a allo, ta raba faɗan 'yan biyu, ta zauna da Bulus. Littattafanta na kan firji, na shafa su na ga ƙura. Masu cewa aikin mace kake yi sun sami abin da suke so, mace ke yi yanzu, shekarunta goma sha biyar.

Ranar Asabar muna suyar cincin, ni ina murzawa ita tana yankawa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Mama, kada ki sa sunana a jarrabawar bana. 'Yan biyu ba su iya lissafin rabawa ba tukuna, in na bar su za su manta wanda Baba ya koya musu." Ba kuka, ba ƙorafi. Na ce mata wannan ba nauyinta ba ne, ta ce to na wa ne. Sai ta roƙe ni kada in gaya maka, wai kada ka ji kunya.

Ga shi na gaya maka.

Ubangiji da ya hana Yusufu sulalewa a ɓoye, ya yi magana da kai ko a mafarki ne. Ya toshe kunnenka ga dariyar mutane, ya buɗe shi ga muryar 'yarka. Ya ƙara wa Mama lafiya da haƙuri, ya sa wa Yaya Iliya albarka, ya kuma kiyaye bakinsa. Ya kawo ka lafiya tun takardarka na da rai, cikin sunan Yesu. Amin.

Ni ce matarka, mai fushi da kai, mai jiranka,
Maman Saratu