Alawa Ta Riga Waya Isa

Hajiya Aina'u, ki taimake ni, amma sai kin fara cinko wannan, ke da masu karanta filinki: ya fi sanƙira murya, ya fi motar Kano sauri, amma bai taɓa tsayawa a zauren kowa ya yi sallama ba. Mene ne?

Ni tsohuwa ce a wani ƙauye gefen Ɗambatta. Karatuna bai yi nisa ba, amma bakina ya yi. Jikana Naziru, malamin firamare, mijin nan nawa da ko kallabi bai taɓa saya mini ba, shi ya buɗe wa garinmu shafi a intanet. Duk mai suna ko ɗaurin aure ko sauka ko gayyar noma sai ya aiko a saka. Da farko har rububi ake. 'Yata Zulaihatu da ke aure a Fatakwal a nan take sanin wa ya haihu. Ni ma da gwiwoyina suka daina kai ni gidaje, shafin ya zama ƙafata.

Sai aka yi wa Abdulkabir maƙwabcinmu haihuwa. Don zumuɗi, tun ba a wanke jariri ba ya aika aka saka a shafin. Gwaggonsa Barira ta ji ranar suna a wayar surukarta kafin alawar gayyata ta iso hannunta. Ta ce ita ba 'yar gayyar soɗi ba ce da za ta tsinci sunan jikanta a titi. Ba ta zo ba. Har yau ba ta ɗauki yaron ba.

Tun daga nan kowa ya ja hannu. Yanzu ba abin da ke shiga sai rasuwa da cigiyar akuya. Kullum mutane suna leƙawa, ina ganinsu, amma ba mai aikowa. Naziru ya ce in an gama girbi zai rufe. Na ce bai isa ba! Barira ƙawata ce tun muna tallan dafaffiyar gyaɗa, na san fushinta, ba za ta kashe mini shafi ba. In ta kama, zan sa a rubuta ɗaurin aurena da wani saurayi, mu ga wanda ba zai yi magana ba. Ki gaya mini yadda zan yi da mutanen nan.

Tsohuwa Mai Taurin Kai

Inna, auren nan a dakata tukuna, kada Naziru ya yi yaji.

Kina da gaskiya, shafin bai cancanci rufewa ba. Zulaihatu da ire-irenta na nesa suna da haƙƙin jin labarin gida. Amma Barira ma ba rigima ce kawai ta yi ba. A wurinta alawar nan ba zaƙi ba ce, shaida ce cewa an san matsayinta. Mutanenku ba shafin suke ƙi ba, tsoron ɓata wa manyansu suke.

Naziru ya sanar da ƙa'ida: ba a saka biki sai mai shi ya tabbatar goro da alawa sun gama zaga dangi. A kuma rubuta a saman shafin cewa wannan tuni ne, ba gayyata ba. Abdulkabir ya ɗauki matarsa da jaririn su je wa gwaggonsa da ƙafa. Ke kuma ki aika a kira miki ƙawarki, ki roƙe ta bikin gidanta na gaba ya zama na farko da za a saka, da izininta. In ta aiko, sauran za su biyo.

Kada ki sassauta, Inna. Allah ya ƙara wa gwiwa lafiya, ya raya jariri.

Abin da kika tambaya kuwa, shafin Naziru ne.

Hajiya Aina'u