Tanderun Nan Na Wa Ne?

Hialeah, Florida
Watan Satumba

'Yata Yaneisy,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mijinki Warren da jikata Nilda. Ƙafar da na faɗi a kanta ta yi sauƙi, likita ne dai ya nace wai kada in ƙara zama ni kaɗai. Takardun da kika aiko na komawa wurinku Kanada sun iso. Ba zan kira ki ba, kin san tun a Kuba na koyi cewa waya kunne uku gare ta.

Na nuna takardun a inda muke buga domino, sai abokina Pepín ya kwashe da dariya. Ya ce, "Evaristo, ka haye teku a kwalekwale don gudun gurguzu, yanzu kuma za ka hau jirgin sama ka koma masa, har da ƙarin dusar ƙanƙara?" Wai a can asibiti kyauta ne. Maganar ta tsaya mini a rai.

Ina saurayi aka zo shagon askin kakanki a garinmu Camagüey na Kuba aka ce daga yau kujera da madubi da almakashi na jama'a ne. Muka ci gaba da aski a kujerarmu, amma a matsayin ma'aikatan gwamnati. Can ma asibiti kyauta ne, sai dai da muka kai mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, mun tafi da bokitinmu da zanen gado da ƙwan fitila da ƙullin kofi na likita.

Don haka ina da tambaya. Tanderun da kuke gasa burodi a shagonku, na wa ne? Sannan ki je wurin mai askin unguwarku ki ji ta bakinsa, masu aski ba sa iya ɓoye magana. Kafin in ji amsa ba inda za ni.

Ki shafa mini kan Nilda.
Babanki, Evaristo

*

Saskatoon
Watan Oktoba

Baba,

Muna gaishe ka da jiki. Ka gaya wa Pepín na ce wanda bai taɓa wuce titin gidansu ba shi ne ya fi kowa sanin Kanada.

Na je wurin mai askin. Sunansa Ostap, kakanninsa daga Yukren suka zo, hancinsa kamar dankali. Da na tambaye shi kujerar ta wa ce, sai ya tsaya da almakashi a sama yana kallona. Ya ce ta ubansa ce, in ya ga dama gobe ya sayar, in ya ga dama ya ƙona ta. Daga nan ya ɗauko zancen haraji, ya zagi gwamnatin lardi, ya zagi ta tarayya, ƙofa a buɗe, ga ɗan sanda zaune da kumfa a haɓa yana gyaɗa kai. Na ce to tunda haka ne a soke asibitin kyauta mana, haraji ya ragu. Baba, kaɗan ya rage ya kore ni.

"Ke yarinya, ki iya bakinki," in ji shi. "Wannan asibitin da gumina aka gina shi. Ni zan zage shi, ba ke ba."

Ba zan ɓoye maka ba, a nan inshorar mota ta gwamnatin lardi ce, akwai ma kamfanin waya nata. Amma gonaki da shaguna da motocin dakon alkama duk na mutane ne, kowa na neman riba kamar a Miami. Asibiti kuwa ba a zuwa da bokiti. Haƙuri ake zuwa da shi, don kana iya wuni a benci kafin a kira sunanka.

Ɗakinka na nan, Nilda ta manna zanen kaza a ƙofa.

Taka,
Yaneisy

*

Hialeah
Watan Nuwamba

'Yata,

Ina gaishe ku duka. Na karanta wasiƙarki a teburin domino, ranar ba a yi wasa ba. Pepín ya ce haka ake farawa, yau inshorar mota, gobe almakashi. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutumin nan Ostap. Ya biya, ya yi ƙorafi, ya kuma hana a taɓa. Wannan wane irin tsari ne? Shin gurguzu ne da bai gama nuna ba, ko jari-hujja ne da ya ji kunya? Ina so in ga fuskar ɗan sandan nan da idona.

Amma ni na haife ki. Kin ba ni labarin kujerar wani da motar wani da zanen kaza, tanderun ne kawai kika tsallake. Tun da na lura da haka abinci ba ya mini daɗi. In sun karɓe shagon kuma kina tsoron rubutawa, ki yi yadda muke yi a gida: ki ce gwaggo ta kamu da mura, zan gane. Sai in fara neman yadda zan fito da ku.

Allah ya tsare mini ku.
Babanki

*

Saskatoon
Watan Disamba

Baba,

Gaisuwa da fatan ƙafa ta warke sarai. Gwaggo lafiyarta lau. Na yi dariya da na karanta, daga baya na zauna na yi kuka.

Shagon ya mutu tun farkon bazara. Ba wanda ya karɓe shi. Wani babban gidan kofi ne ya buɗe a tsallaken titi, mai tagar da ake miƙa wa mutum abinci yana cikin mota. Mutanen garin nan akwai kirki: suka ci burodinmu mai gwaiba sau ɗaya, suka ce kai, da daɗi, suka koma layin mota. A sanyin garin nan wa zai fito don gwaiba? Muka sayar da kujeru da tebura. Tanderun na hana a sayar, yana garejinmu an lulluɓe shi da bargo. Warren ya koma tuƙin motar alkama, ni ina wanke-wanke da yankan albasa a kicin ɗin wani.

Satin da muka rufe, Nilda ta kwanta da ciwon huhu. A ƙofar asibitin katin lafiyarta kawai aka tambaya. Ina zaune gefen gadonta ina tunani, ga ƙasar da ta tsaya tana kallo shagona ya mutu ba ta ɗaga yatsa ba, ga ta kuma ta sa wa 'yata robar numfashi ba ta tambayi ko ina da aiki ba. Da a wani wurin ne, da gidan ma ya tafi. Na faɗa wa Ostap haka, ya ce ai kasuwa dambe ce, gwamnati ba ta shiga, aikinta kawai ta shimfiɗa katifa a ƙasa.

Sunan tsarin ban sani ba, Baba, ku da Pepín ku raɗa masa. Kunya ce ta hana ni gaya maka, kai da ka bar komai don mu samu abin kanmu, ga shi na samu na kasa riƙewa. Ina kewarka ƙwarai. In ka fasa zuwa ba zan ga laifinka ba.

'Yarka,
Yaneisy

*

Hialeah
Watan Janairu

'Yata,

Ina gaishe ku. Shagonmu na Camagüey bai taɓa rufewa ba. Ran da babu reza muna buɗe, ran da babu ruwa muna buɗe, mu zauna muna kallon juna a madubi. Ba mai iya kashe shi, don babu mai shi. Naki ya mutu a hannunki, kuma ke kika yi kukansa. Na yi baƙin ciki, amma ban taɓa alfahari da ke kamar yau ba.

Na sa hannu a takardun. Ki tambayi Warren irin takalmin da ake sawa a ƙanƙara, ba na son sake faɗuwa a gaban baƙi. Ki kuma fara duba mana wani ɗan shago, nesa da masu tagar mota. In ya sake mutuwa, wannan karon mu biyu za mu yi kukan.

Sai na zo.
Babanki, Evaristo