Hannuwanka a Baya

Xiaobei, Guangzhou
Alhamis, 18 ga Maris, 1999

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da na fake a ƙarƙashinta tun ranar da aka fito da ni daga ɗakin Inna ina kuka. Zuwa ga wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba saboda kunya, amma yau alƙalami zai kama, tunda shi ba shi da fuskar rufewa: Mas'udu, mijina, likitana.

Assalamu alaikum. Sallama ce irin ta wadda ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta san ko za a amsa mata ba.

Yau kwana tara ke nan da ka ɗauki ƙaramar jakarka ka koma masaukin likitoci na cikin asibiti. Kwana tara! Ni da idan ka makara minti goma nake leƙen taga har wuyana ya ƙage. Bangon ɗakin nan zufa yake yi tun da ka tafi, ruwa na gangarowa siri-siri har ƙasa. Na san ka ce haka garin nan yake yi a irin wannan lokaci, iskar teku ce ke shafa masa laima. Ni dai na ce taya ni kuka yake yi. Rigunanka da na wanke tun Litinin suna nan a igiya sun ƙi bushewa. Ina laifinsu? Wa zai sa su?

Ka tuna makonmu na farko, ranar da ka kai ni bakin Kogin Lu'ulu'u da yamma? Sanyi ya sa na cusa hannuna a aljihun kwat ɗinka, kana cewa mutane na kallonmu, ina cewa ai ko ba mu yi komai ba kallonmu suke yi. A nan ka fito da katin da aka ba ka na rataya a wuya, ka nuna mini jan layin da ke ƙasan hotonka, alamar baƙo mai koyo. Ka ba ni labarin na'urar numfashin da ke asibitinmu na gida, shekara biyu tana rufe da leda don ba wanda ya san hannunta, mutane na mutuwa a ɗakin da ke kusa da ita. Ka ce saboda ita ka yi ta rubuta takardu har aka ba ka wata huɗu a ɗakin kulawa ta musamman na nan, inda ake kwantar da waɗanda ransu ke rataye. Sannan ka ce, ban manta ko harafi ba: "Kallo na zo yi, Zalika. Ido da littafi kawai aka ba ni izini. Ko zanen gadon mara lafiya ba zan gyara ba."

Har ka gwada mini yadda kake tsayuwa, ka harɗe hannuwa a baya ka sunkuyar da kai. Na yi dariya har na riƙe ciki, na ce ka yi kama da ɗan firamare a gaban hedimasta. Kai ma ka yi dariya. Wayyo, dariyar nan taka, mai kama da ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa! Kunnena ya ji abin da ka faɗa, farin cikin raina. Zuciyata ce ba ta ji ba. Tana can tana kallon jiragen ruwa tana saƙa maka wani labari.

Ka san ni da littattafaina. Goma sha ɗaya na ƙunso a tsakiyar atamfofi, har na rage daddawa don su samu wuri, ka gani ka girgiza kai kawai. A cikinsu, likita ba ya tsayawa a jikin bango. Shigowa yake yi, ya naɗe hannun riga, ya ɗora tafi a goshin mara lafiya, sai ido ya buɗe, uwa ta faɗi tana godiya. Tun kafin in san ka na haddace wannan likitan. Da Allah ya ba ni kai, sai na ɗauki rigarsa na sa maka, ban taɓa tambaya ko ta yi maka daidai ba.

Yaya Lariba kuwa ka san matsayinta a wurina. A garin da ko karen titi ba ya jin Hausa, ita ce mace ɗaya da nake buɗe baki in yi hira da ita. Daga zongon Kumasi take, ni daga Katsina, amma rana ɗaya muka zama 'yan ɗaki ɗaya. Ita ta koya mini in ce wa mai shago "lawban", ita ta ce in na ji "meyo", wato babu, kada in tafi, in tsaya, sau da yawa akwai. A ɗan ofishinsu da ke ginin 'yan kasuwa na Tianxiu nake wuni ina taya ta rubuta lamba a jikin kwalayen takalma, mijinta Ussif yana tsokanata da amaryar likita, yana cewa in gaya maka ya fara jin ciwon baya don a ba shi magani kyauta. A can na riƙa cika baki. Na ce mijina yana aiki a ɗakin da ake dawo da rai. Ban ce kallo kake yi ba. Kalmar ta yi mini ƙanƙanta a baki, sai na haɗiye ta.

Ranar da Ussif ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kwalaye a kasuwar Zhanxi Lu, aka kai shi asibitinku, Yaya Lariba ta zo nan ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Ta kama hannuwana biyu. Me ya kamata in ce mata? In ce mu yi addu'a. In ce likitocin nan ƙwararru ne. Amma sai na ji bakina ya ce: "Ki kwantar da hankalinki, Yaya. Yana hannun maigidana. Da hannunsa zai yi masa aiki, ba zai bari komai ya same shi ba." Na ga yadda kafaɗunta suka sauka. Wallahi daɗi na ji. Na ji kamar ina cikin shafi na ƙarshe.

Kwana goma sha ɗaya kana dawowa da yamma kana ba ni labarinsa. Ka ce kullum da safe kana tsayawa taku ɗaya daga gadonsa ka gaishe shi da Hausa, ka gaya masa ranar da ake ciki, ka ce matarsa tana lafiya, tunda magana ba a hana ka ba. Ka ce kai kake fassara tsakanin Yaya Lariba da babban likita. Ka nuna mini littafinka, ka zana na'urar da ke hura masa iska da kowane maɓallinta. Kwana goma sha ɗaya ina zuba maka abinci, ina da damar in ce, ga abin da na faɗa mata, je ka gyara. Ban faɗa ba. Ina jiran ya buɗe ido, ƙaryata ta zama gaskiya da kanta.

Sai ga Litinin ɗin nan. Rabin awar da ake bai wa dangi su tsaya a bayan gilashi, a cikinta na'urar ta fara kuka. Yaya Lariba ta ga nas-nas sun rugo, ta ga likitoci suna danna ƙirjin mijinta, suna karɓa-karɓa, zufa na ɗiga. Ta nemi fuska ɗaya da ta sani, ta same ta a jikin bango. Kai ne, a tsaye, hannuwanka a baya.

Ba na wurin, amma kullum sai na gan ka a haka. Ya zumar zuciyata, me hannuwan nan suke yi wa juna a bayanka? Wanne ya riƙe wanne? Kai da ka sha danna ƙirji a gida a ƙarƙashin fitilar ƙwai, yaya ka yi ka tsaya? Na san da ka matsa taku ɗaya, da ka shiga tsakanin mutanen da suka san aikinsu kuma suke yin sa, da ka karya amanar da aka ba ka, da an rufe ƙofar ga duk likitan ƙasarmu da zai nemi zuwa bayanka. Yanzu na san wannan. Ita ba ta sani ba. Abin da na gaya mata kawai ta sani.

Washegari bayan jana'izar Ussif, a gaban mazan da suka zo gaisuwa, ta ce an ce mata kai likita ne, ashe ɗan kallo ne. Ka dawo gida. Ba ka ɗaga murya ba, ina ma ka ɗaga! Ka tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafarka, ka ce: "Me kika gaya mata nake yi a can?" Na faɗa. Ka daɗe kana kallona kamar yadda ake kallon takardar gwajin da ta fito da abin da ake tsoro. Sannan ka haɗa jaka.

Shekaranjiya na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na buɗe durowarka na ɗauko takardar da ka sa wa hannu, mai shafi biyu, na zauna da ƙamus na bi ta layi-layi har na kai wurin da aka ce ba za ka taɓa mara lafiya ba, ba za ka rubuta magani ba, ba za ka taɓa na'ura ba. Na kai ta Tianxiu. Malam Ma'azu, mai aika kaya, mutumin Kano ɗin nan da ya tsaya a kan jana'izar, shi na roƙa ya karanta ta a gaban waɗanda ke wurin. Na ce ba ka taɓa yi wa kowa alkawari ba, ni ce na yi da bakinka ba da saninka ba.

Daga nan na wuce ɗakin da Yaya Lariba ke takaba. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba. Sai ta ce: "Ƙanwata, da kin ce mini kallo ya zo yi, da na roƙe shi ya kallar mini shi da kyau, kuma in gode masa. Ke kika sa na tsaya a gilashi ina jiran hannunsa." Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta kore ni ba. Na wanke mata kwanuka na fito.

A matakala Malam Ma'azu ya tare ni ya gaya mini abin da ba ka gaya mini ba. Ya ce wata nas ta shaida wa mai yi masa tafinta cewa duk lokacin da suke danna ƙirjin nan, baƙon likitan yana maimaita wasu kalmomi da ƙarfi daga jikin bango, bai daina ba har aka kashe na'ura. Kalmar shahada kake kai masa. Ya kuma ce da aka zo wankan gawa, 'yan kasuwa suka tsaya suna kallon juna, mafi yawansu samari ne ba su taɓa yi ba, kai ka naɗe hannun riga ka shiga. Ya ce bai taɓa ganin an wanke mamaci a hankali irin haka ba, kamar kana tsoron kada ka tashe shi. Kwana goma sha ɗaya kana taku ɗaya daga jikinsa, ranar da aka ba ka izinin taɓa shi, ruwa da likkafani ne a hannunka!

A nan na zauna a matakalar mutane suna ratsa ni da kwalaye. Ina littafin da ya taɓa ba ni irin wannan mutum? Na yi shekaru ina son likitan takarda, ga na gaskiya yana cin tuwona ban gan shi ba. Na mayar da littattafan nan goma sha ɗaya cikin akwati. Ban ƙone su ba, ba zan yi maka ƙarya ba, na gaji da ƙarya. Amma na rufe.

Me zan yi, ya ruwan sanyin ƙishina? Ussif ba zai dawo ba. Kalmar da aka jefe ka da ita ta riga ta shiga kunnuwa. Ba ni da uwa a garin nan da zan aika ta ba ka haƙuri, ba ni da ƙanin uba da zai zaunar da mu. Ko hanyar masaukinku ban sani ba, mai gadin asibiti "meyo" kawai yake ce mini, ya karɓi kular abincin da nake kai maka kullum ya juya. Kwana bakwai tana dawowa da nauyinta. Jiya ta dawo babu komai, a wanke, an kifa murfin ciki a juye, yadda kai kaɗai kake yi ina yi maka faɗa. Na rungume kula kamar jariri a cikin bas, wata tsohuwa tana ta kallona. A ƙarƙashin wannan murfin zan sa wasiƙar nan.

Ba na roƙon ka manta. Ba na ma roƙon ka yi mini magana. Ka ƙarasa makonninka shida, ka cika littafinka, mu koma ka yaye ledar nan daga kan na'urar da ke jiranka. Abu ɗaya nake roƙo: ka dawo ɗakinka. Ka yi fushin a nan, inda zan gan shi. Babbar Sallah saura kwana goma, wa zan yi wa kwalliya, bangon da ke kuka?

Akwai bishiyar gurjiya a bakin ƙofar asibitinku, irin ta gida ce sak, ta zubar da ganye ta bar jan fure kamar garwashi, tsofaffin mata suna tsince wanda ya faɗo. Gobe da ƙarfe biyar, lokacin da kuke tashi, zan tsaya a gindinta. Ba zan kira ka ba. Ba zan kama rigarka ba, ba zan yi kukan da zai tara maka jama'a ba. Zan harɗe hannuwana a baya kamar yadda ka gwada mini a bakin kogi, in tsaya taku ɗaya daga hanyarka, in kalle ka kawai, in ji ko kaɗan ne daga abin da ka ji. Idan ka wuce, jibi ma ina nan, da gata, har furen ya ƙare, har ganye ya fito. Hannuwan nan ba za su kwance ba sai kai ka zagayo ka kwance su.

Taka ce a garin da ake jin harshenta da garin da ba a ji, taka ce kana kallonta, taka ce ka kau da kai, har ranar da za a harɗe mata hannuwa a ƙarƙashin likkafani,

Zalika