Malamin Gona a Waya, Tattasaina a Wuta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban hukumar da ke kula da malaman gona a yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tsohon malamin firamare ne da na koma noman rani a bakin kogi a Gashuwa. Na je ofishinku na nan ban sami mai saurarona ba, shi ya sa na rubuto a fili. Kukana a kan tsarin aiki daga gida ne da kuka fito da shi.

Na ɗaya. A ranin da ya wuce, tattasaina na gab da fure sai ganye ya fara naɗewa yana yin ruwan ɗorawa. Na garzaya ofis neman Malam Adamu, malamin gonar da ya saba zagaya mu a kan babur. Na tarar da ƙofarsa a kulle. Maigadi ya ce mini yanzu manyan ma'aikata daga gida suke aiki, Malam Adamu yana Nguru wajen iyalinsa, in kira shi. Na kira, ya ce in turo hoto. A fadamarmu sai ka hau tudu kafin waya ta kama, hoton da ya isa gare shi kuwa dishi-dishi ne. Ya duba ya ce alamar ƙarancin taki ce. Na zuba taki, ina jira, ganye na ƙara lalacewa. Kafin mu farga abin ya tsallaka zuwa gonar maƙwabcina Goni Bukar, daga nan ya bi layin fadamar.

Da muka matsa masa da kira, ya zo a motar haya. Ya durƙusa, ya juya ganye ɗaya, ƙananan fararen ƙwari suka tashi kamar an watsa gari. Da ya ɗago ya ce da ya gani da idonsa tun farko, feshi ya isa, amma yanzu sai dai a tuge a ƙone. Da hannuna na cinna wutar. Goni yana tsaye yana kallo, ya san gobe tasa ce, kuma tun daga ranar gaisuwarmu ta yi gajarta.

Ban rubuto don a hukunta Malam Adamu ba. Ya shaida mana cewa ranar da aka ce ya zauna a gida, ranar aka karɓe babur ɗin ofis. Da me zai zagaya?

Na biyu, kuma wannan ne ke hana ni sukuni. 'Yata Falmata a hukumarku take aiki, tana buga rahotanni a kwamfuta. Aikinta ba ya buƙatar komai sai wuta da intanet, kuma mijinta yana da sola a gidansu a Nguru. Amma da yake ƙaramar ma'aikaciya ce, dole kullum ta biyo mota zuwa Gashuwa, da tsohon ciki, ta buga rahoton, sannan ta tura wa shugabanninta da ke zaune a gida. Kwanan baya jini ya tsinke mata a hanya, direba ya wuce da ita asibiti. Allah ya tsare, amma likita ya hana ta tafiye-tafiye, ofis kuma ya ce tsarin bai shafi matakinta ba.

Yallaɓai, ba na adawa da aiki daga gida. Kun duba girman kujera ne, ba ku duba irin aikin ba.

Ina roƙon a sake tsarin bisa abin da kowa yake yi. Mai buga rahoto da mai lissafi su yi daga gida idan suna da hali. Malamin gona da likitan dabbobi a mayar musu da ababen hawansu su dawo daji. Falmata kuma a dubi halinta kafin a yi da-na-sani.

Lokacin yafa iri ya matso. Manoman fadamarmu suna tambayata ko su sake shuka tattasai bana, tunda ni ne mai boko a cikinsu. Na ce su dakata mu ji daga gare ka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Wassalam.

Malam Usman, manomin rani, Gashuwa.