Muryar Kwamfutar Baba

Litinin, 3 ga Maris
Na sauya wa kwamfutar Baba tsarin da take gudana a kai. Ban tambaye shi ba. Wai ni gwani, tsohon tsarin ya cika nauyi. Sai da na gama na tuna da muryar da ke karanta masa labarai tun da idonsa ya tafi. Ya latsa, shiru. Ya sake latsawa. "Ko wuta ce?" Na ce e, wuta ce. Fanka na ta juyawa a kanmu.

Talata, 4 ga Maris
Muryar tana cikin fayil ɗaya, Allah ya sa na kwafe shi. Amma a rufe yake, ba a ganin yadda aka rubuta cikinsa, kuma don tsohon tsarin aka gina shi. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da mutuwa. Faifan tsohon tsarin kuwa, ni da hannuna na zubar bara.

Alhamis, 6 ga Maris
A ofis na ajiye aikina ina rubuta 'yar manhaja, wata irin gada, wadda za ta sa fayil ɗin ya zaci yana gidansu. Duk abin da ya nema in miƙa masa makamancinsa. Abu arba'in da ɗaya yake nema. A na goma sha biyu ya kife.
Abokin teburina ya leƙo: "Wa ya yi wannan ɓarnar?" Na ce wani ɗan'uwanmu ne.

Juma'a, 7 ga Maris
Na gwada wa Baba muryar sabon tsarin. Layi biyu ya cire abin kunnen. "Wannan ba ta san inda ake numfashi ba."

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ta kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na tarar da shi zaune, yatsunsa a kan madannai, ba abin da yake latsawa. Na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa, kamar yana ganina.
"Na sani tun Litinin. Jawo kujera ka karanta min."
Awa guda ina karatu. Sau shida ya gyara min. Rabon da in zauna da shi haka, ban ma iya tunawa.

Laraba, 12 ga Maris
Gadar ta ɗauka. Muryar ta yi magana! Baba ya yi dariya har da tari: "Sannu da dawowa, Hajiya."
Lambobi kawai take haɗiyewa. Ya ce ba komai, in riƙa biyowa bayan aiki ina karanta masa su. Na ce to.
Na san inda matsalar take, gyaran minti goma ne. Lokaci dai ban samu ba.