Kyanwar Umma da Tafiyar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya, illa jikin Baba da yake yau da sauƙi gobe babu. Ƙafafun sun sake kumbura, sallah ma a zaune yake yin ta.

Ka san tun da ka ce ya taho wajenka ƙasar waje a duba masa ƙodar nan, ya kafe cewa ba zai taka jirgi ba sai da Toka, kyanwar da marigayiya Umma ta bari. Na bi sharuɗɗan shiga da dabba ƙasar da ka turo. Na sa ta a kwando na kai ta wurin likitan dabbobi, ya yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. Bayan wasu makonni muka koma, ya aske mata ɗan gashi a ƙafar gaba ya ɗebi jini, don a auna ko allurar ta gina mata garkuwa. Sakamakon bai kai yadda ake so ba. Likita ya ce hakan kan faru da tsohuwar dabba, sai an sake allura an sake jira. Da na gaya wa Baba har dariya ya yi, ya ce ashe shi da ita duk tsufa ya lashe musu garkuwa. Ranar ya cinye abincinsa tas, ni kuwa ban kawo komai a raina ba.

Shekaranjiya sakamako na biyu ya fito, likita ya ce garkuwa ta yi ƙarfi, sauran shirin mai sauƙi ne. Na shiga ɗaki da murnata, na tarar da shi a bakin gadon Umma, Toka na kwance a cinyarsa. Da na gaya masa, sai ya tambaye ni, to yanzu kuma da me zai fake? Ya ce kullum roƙon Allah yake kada jinin nan ya yi kyau. Tsoronsa shi ne ajali ya riske shi a can, a binne shi nesa da Umma. Rabon da in ga hawayensa tun ranar jana'izarta.

Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don Allah kada ka yi masa faɗa ta waya. Zumunci a ƙafa yake. Ka nemi hutu ka zo. Ka zauna gabansa ka yi masa alkawari da bakinka cewa, ko da rai ko babu, kai za ka dawo da shi gida. Na tabbata in ya ji haka daga gare ka zai tashi.

Goggo da Kawu suna gaishe ka, Auta ma haka. Ka gaida mini Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka mai jiran isowarka.